Tsohuwar Kwamfuta da Sabon Katin Hoto



Musabbabin zancenmu na yau wata wasiƙa ce da ta iso mana daga wani saurayi mai sauraronmu a Zariya, wanda sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna da tace shi. Ya ce yana da tsohuwar kwamfutar tebur 'yar kwatano, wadda ya gada a shagon yayansa, kuma duk sa'ad da ya ɗora mata aiki domin ya yanka ya haɗa, sai ta riƙa ɗingishi, ta tafi ta tsaya, kamar jakin da aka labta wa kayan raƙumi, har ya kan kai tsakar dare bai fitar da aikin rabin sa'a ba. Abokansa sun ce masa maganin abin katin hoto, shi kuwa abin da ke aljihunsa bai taka kara ya karya ba, saboda haka yake neman fatawa, wanne zai saya, kuma ƙaƙa zai yi kada a cuce shi. To, samari, ni ba mufti ba ne, amma da yake na taɓa ƙona yatsana a wannan tukunya, zan faɗa maka abin da na sani, sauran masu sauraro su ma su tsinci rabonsu.

Da farko ya kamata mu san abin da muke magana a kansa, domin hukunci a kan abu ba ya inganta sai an san surarsa. A cikin kowace kwamfuta akwai ƙwaƙwalwa, wadda masu gyara ke kira furosesa, misalinta kamar shehin malami ne mai zurfin ilmi, wanda ko wace irin mas'ala aka kawo masa zai warware, amma ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa katin hoto, wanda a kasuwa za ka ji ana ce masa girafik kad, misalinsa kamar tsangaya ce mai ɗaruruwan almajirai, ba wanda ya kai malamin ilmi a cikinsu, amma in aka ce kowa ya rubuta layi guda a allonsa, kafin ka ƙifta ido sun cika ɗaki da rubutu. Allon kallo irin wanda ya yawaita yanzu, mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, ɗauke yake da ɗigo fiye da miliyan biyu, kuma galibi sau 60 ake sabunta su a daƙiƙa guda. Irin wannan aiki mai sauƙi amma mai tarin yawa, almajirai suka dace da shi, in ka ɗora wa malam shi kaɗai sai ya galabaita. Kamfanoni biyu ne suka daɗe suna riƙe da wannan kasuwa, wato Nvidia, wanda ya fitar da GeForce 256 a 1999, da kuma AMD, wanda ya saye kamfanin ATI na Kanada a 2006. Yawancin tsofaffin injinan ofis da ke shigo mana, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, ba su da kati na daban sam, ɗan ƙaramin sashe ne aka gina a jikin furosesa, wanda ya isa rubutun wasiƙa da lissafin ofis, domin don haka aka ƙera su.

Sai dai kafin a je ga magani wajibi ne a gane cuta, kuma nan ne mafi yawan mutane ke yin asarar kuɗinsu. Wanda kwamfutarsa ke ɗaukar minti biyar kafin ta farka, ko take jan ƙafa wajen buɗe takarda, ko ta daskare in ya buɗe shafukan intanet da yawa, wallahi ko ya sa mata katin da ya fi kowanne tsada a duniya ba abin da zai canza, domin ciwon ba a nan yake ba. Hanyar ganewa kuwa ba ta buƙatar ko kwabo. Ka kunna aikin da ke wahalar da injin, sa'an nan ka danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, wani allo zai fito mai suna Task Manager, wanda ke nuna nauyin da kowane sashe ke ɗauke da shi. In ka ga ma'ajiyar bayanai ce ta cika ɗari bisa ɗari, to tsohon faifan had dis ne ya gaji, ka musanya shi da sabuwar irin ma'ajiya mai suna SSD. In ka ga ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake ciki, ita ce ta cika, kuma giga 4 ce kawai a ciki, ka ƙara ta zama 8 ko 16. Waɗannan biyu sun fi kati araha, kuma sau da yawa su kaɗai sukan mayar da tsohuwa yarinya. Sai in ka ga waɗannan suna da sarari, amma hoto na yankewa a wasa ko a tace bidiyo, sa'an nan zancen kati ya halatta.

To, in ya halatta, sai mu zo ga abin da malaman fiƙihu ke kira kafa'a a babin aure, wato dacewar ma'aurata da juna, domin kati da kwamfuta zaman aure za su yi, kuma duk kyan amarya in gidan miji ba zai iya ɗaukar nauyinta ba, zaman ba zai ɗore ba.

Ramin da ake soka katin ba shi da wuyar sha'ani. In ka buɗe murfin akwatin, za ka ga wani dogon rami a jikin babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, da ɗan makulli na roba a ƙarshensa. Sunansa PCI Express, ya fara yaɗuwa tun wajen 2004, kuma alherinsa shi ne sabon kati yakan zauna a tsohon rami ya yi aiki. Wanda kuwa ya buɗe tasa ya tarar da irin ramin da ya gabaci wannan, mai suna AGP, to ya yi mata addu'a ya bar ta ta huta, ta yi iya yinta.

Inda gizo ke saƙar shi ne wuta, kuma ina roƙon masu sauraro su ba ni aron kunnuwansu a nan. Ramin da muka ambata ba ya ba kati wutar da ta wuce wat 75. Duk katin da ke cin fiye da haka sai an jawo masa wata waya ta musamman daga akwatin wuta, wanda a kasuwa ake kira fawa fak, mai baki 6 da ke ƙara wat 75, ko mai baki 8 da ke ƙara wat 150. Injinan ofis kuwa, da yake an ƙera su bisa tattali, akwatin wutarsu galibi tsakanin wat 240 ne da 300, wasu ma ƙasa da haka, kuma ba su da wannan waya ko alama. Abin da ya ƙara dagula al'amari, wasu daga cikinsu, kamar OptiPlex 9020, bakin wayar da ke shiga madabod ɗinsu na kamfanin ne shi kaɗai, ta yadda ba za ka ɗauko kowane akwatin wuta a kasuwa ka maye gurbinsa kai tsaye ba. Saboda haka abu na farko da za ka yi, kafin ka taka ƙafarka zuwa Titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja, shi ne ka buɗe murfi, ka haska fitilar wayarka a kan takardar da ke manne jikin akwatin wutar, ka karanta adadin wat ɗin da aka rubuta, ka ɗauki hotonta ka tafi da shi. Za ka gamu da wanda zai ce maka ba komai, ai akwai 'yar wayar haɗi da ake jonawa daga bakin wutar had dis ta koma baki 6. Ka yi masa godiya ka wuce. Wannan baki na had dis iyakar abin da aka ƙera shi ya ɗauka bai wuce wat 54 ba, in aka matsa masa sai ya yi zafi, robar ta narke, kuma na ga wanda aka yi wa haka, baƙi ƙirin, ɗakin yana warin ƙonanniyar roba har washegari.

Sa'an nan girman gida. Injinan nan iri biyu ne, akwai doguwa mai tsayuwa da faɗin ciki, akwai siririya wadda ake kwantarwa a ɗora allon kallo a kanta. Siririyar ba ta karɓar kati sai gajere, wanda aka ƙera musamman don irinta, kuma sai ya zo da ɗan gajeren ƙarfensa na baya. In mai kaya ya ce ƙarfen ya ɓata, to ka sani za ka koma gida da katin da ba ya ɗauruwa, murfi kuma ba ya rufuwa. Ka auna tsawon sararin da ke ciki da igiya ko tef ɗin tela, ba abin kunya ba ne.

Yanzu bari mu kira sunaye, domin mai neman fatawa suna yake so a faɗa masa. Daga cikin katunan da ramin kaɗai ke ciyar da su, akwai GTX 750 Ti na 2014, mai cin wat 60, dattijon kirki wanda ya yi zamaninsa. Akwai GTX 1050 Ti na 2016, mai giga 4 da almajirai 768, in mun koma ga misalinmu na ɗazu. Akwai GTX 1650 na 2019, shi ma giga 4, da almajirai 896, wanda a ganina shi ne iyakar abin da ya kamata a ɗora wa injin ofis na wajejen 2012 zuwa 2014, irin masu furosesa i5-3470 ko i5-4570, domin in ka wuce haka malamin ba zai iya ba almajiran aiki da saurin da suke gamawa ba, sai su zauna suna hamma, kuɗinka kuma sun tafi a banza. A kula, ko a cikin waɗannan biyun na ƙarshe akwai waɗanda wasu maƙera suka sa wa bakin waya mai 6, don haka a juya katin a duba gefensa. GT 710 kuwa, wanda ya cika shaguna saboda arha, amfaninsa kawai ya ba ka ƙarin bakin jona allo. Wajen ƙarfi bai fi abin da ke jikin furosesarka da wani abin a zo a gani ba, wani lokaci ma bai kai shi ba.

Akwai wasu biyu da nake so mai wasiƙarmu ya yi hattara da su, ko da yake ba jabu ba ne. Na farko GT 1030 na 2017, mai cin wat 30 kacal, wanda ya dace da siririyar inji ƙwarai, amma suna ɗaya ne a kan kaya biyu: akwai mai ma'ajiyar GDDR5, akwai wanda aka fitar daga baya mai DDR4, wanda hanyar bayanansa ba ta wuce kusan sulusin ta ɗan'uwansa ba, alhali kwalinsu kusan iri ɗaya, farashinsu ma haka, ni dai ban taɓa samun yadda zan kira wannan da wani suna ba face rufa-rufa. Na biyu RX 6400 na AMD, na 2022, wanda layuka 4 kawai yake amfani da su a cikin ramin, don haka a tsohon rami ƙarfinsa yakan ragu. Abin da ya haɗa su biyun, kuma shi ya shafi mai tace bidiyo kai tsaye, babu ɗayansu da ke da sashen nan na musamman mai matse bidiyo lokacin fitar da shi, wanda Nvidia ke kira NVENC, alhali 1050 Ti da 1650 suna da shi. Ga yaron da wasa kawai yake so wannan ba wani abu ba ne, amma ga wanda uwar amarya ke buga wa waya tana tambayar ina faifan bikinta, shi ne kan magana.

Mu zo ga ha'inci, wanda shari'a ta haramta, kasuwa kuwa ba ta rabu da shi ba. Shekarun baya na shiga wani shago, ba zan faɗi gari ko layi ba, aka miƙo mini kati cikin kwali mai ƙyalli, an rubuta 1050 Ti ɓaro-ɓaro, farashi kuwa rabin na sauran shaguna, ni kuma kwaɗayin arha ya rufe mini ido. Na kai gida na soka, kwamfuta ta nuna sunan daidai, na ce madalla. Amma da na ɗora masa aiki mai nauyi sai allo ya cika da ɗigo-ɗigo kore da ja, sa'an nan ya ɗauke gaba ɗaya. Ashe tsohon GTS 450 ne na 2010, mai almajirai 192, aka sauya masa suna a cikin ƙwaƙwalwarsa, aka yi masa sabuwar riga. Alamar da ta kamata ta farkar da ni tana nan a bayansa ina kallo, wato shuɗin bakin nan na VGA mai ramuka 15, domin katunan wannan zuriya ta 1050 Ti sun bar fitar da hoto ta wannan tsohuwar hanya. Da na koma, mai shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa, mai yiwuwa kuma gaskiya ya faɗa, amma kuɗina dai ba su dawo ba. Akwai wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z, wadda ke karanta ainihin abin da ke cikin kati, har takan rubuta gargaɗi in ta gane jabu ne. Ka sa ta a filashi ka tafi da ita kasuwa, mai kayan da ya hana ka gwadawa ya riga ya ba ka amsa.

Haka nan za ka ga RX 570 da RX 580 na 2017 birjik, da arha mai jan hankali. Dalili shi ne an yi shekaru ana haƙar kuɗin intanet da su dare da rana, har zuwa Satumba 2022 da tsarin Ethereum ya daina buƙatar katuna, masu su suka juye su kasuwannin duniya. Katuna ne masu ƙarfi, kuma ba duk wanda ya yi haƙa ne ya lalace ba, sai dai na farkon yana cin wat 150, na biyun 185, saboda haka ba su da kafa'a da injin ofis sai an sauya akwatin wuta, kuma in ka tara kuɗin wannan da na wancan, arhar ta gudu. Ko wanne ka zaɓa, ka yi amfani da abin da malamanmu suka halatta na hiyari a ciniki, wato ka sharɗanta kwanaki na gwaji, a rubuta a rasiɗi tare da lambar jikin katin, kuma tun a shago a kunna shi da aiki mai nauyi na kamar minti 20, kana kallon allo, kana sauraron fanka ko tana gurnani, kana duban zafinsa. In ya haura digiri 85 yana ci gaba da hawa, ka ajiye musu kayansu.

Sanya shi a gida ba ya buƙatar injiniya, sai natsuwa da sukundireba guda. Ka kashe inji, ka zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin ragowar wutar ta fice. In lokacin hunturu ne, wanda in ka cire rigar sanyi cikin duhu kakan ji ƙaf-ƙaf har ka ga tartsatsi, to ka sani wannan 'yar wutar da ke taruwa a jikinka ta isa ta kashe kati, don haka ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai, ka kuma riƙe katin ta gefunansa, ban da haƙoransa masu ruwan zinariya. Za ka tarar da ƙura ta yi kirtani a fanka kamar audugar da aka shaɗa. Ka fitar da injin tsakar gida ka hure ta, kana riƙe da fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima, amma shi akwatin wutar kada ka kuskura ka buɗe cikinsa, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi. Sa'an nan ka cire ɗan ƙarfen da ya toshe tagar baya, ka daidaita katin a bakin ramin, ka danna shi a hankali da tafin hannu har ka ji makullin ya ce ƙas, ka ɗaure ƙusarsa.

Ga wani kuskure da ya fi kowanne ban dariya, kuma ba wanda ya fi ƙarfinsa. Wani ɗan ƙanena ya sa sabon kati, ya yi mako guda yana zagin wanda ya sayar masa, wai bai ga bambanci ba. Da na je na leƙa bayan injin sai na tarar wayar allon kallo tana nan a tsohon bakinta na madabod, katin kuwa yana zaune fankarsa na juyawa, ba abin da yake yi. Wayar a bakin katin ake mayar da ita. In allonka tsoho ne mai VGA kaɗai, ka haɗa da 'yar na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA tun a kasuwa. Bayan haka sai ka sauko da direban katin, wato manhajar da ke tafiyar da shi, daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, kada ka dogara da faifan da ke cikin kwali. Kuma da yake wutarmu ta gida kowa ya san halinta, ta ɗauke ba sallama ta dawo da ƙarfi, ƙaramin janareto kuma yana hawa yana sauka, wanda ya kashe kuɗi a kan kati bai tanadi sitabilaiza ko UPS ba, ya yi shuka ne a bakin hanyar awaki.

Wani abu da amana ta wajabta in faɗa shi ne tsohuwar inji tana da ajali. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance ba ta karɓar irin waɗannan furosesa da muka ambata. Wannan bai hana injin aiki ba, amma ya isa ya hana mai hankali zuba mata dukiyar da ta fi ƙimarta. Alherin kati dai shi ne ranar da ka samu sabuwar inji, sai ka zare shi ka tafi da abinka.

Saboda haka, mai wasiƙarmu na Zariya, ga amsarka. Ka fara da SSD da ram in ba ka da su. In kuɗi sun rage, ka nemi GTX 1650 wanda ba ya neman ƙarin waya, in bai samu ba 1050 Ti, gajere in injinka siririya ce, a gwada a gabanka, a rubuta maka kwanakin hiyari. In kuɗin ba su kai ba, ka haƙura ka ƙara tari zuwa bayan bukukuwan salla, kada ka sayi GT 710 don kawai a ce ka sayi kati. Wanda kuma yake da tambaya a kan tasa injin, ya rubuto mana sunanta da lambarta da adadin wat ɗin da ke jikin akwatin wutarta, in Allah ya kai mu mako mai zuwa za mu duba su ɗaya bayan ɗaya.